Idan Mulkin Kama-Karya Ya Faɗi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Miƙa Mulki da Gogayyar Ƙasashen Waje

Tsakanin ranar 9 ga Afrilu 2003, da sojojin Amurka suka shiga tsakiyar Bagadaza, da ranar 8 ga Disamba 2024, da Bashar al-Assad ya tsere zuwa Mosko, gwamnatocin danniya da dama sun ruguje a Gabas ta Tsakiya da Afirka, kuma kaɗan ne daga cikin ƙasashen suka samu zaman lafiyar da jama'arsu suka fito tituna suna nema. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda mai bin labaran waɗannan ƙasashe ya fi yi wa kansa, amsoshin kuma an gina su ne a kan abin da ya faru a zahiri.

Me ya sa ƙasa kan faɗa cikin ruɗani bayan faɗuwar mai mulkin kama-karya, alhali jama'a da kansu suka nemi ya tafi?

Dalili na farko shi ne mai irin wannan mulki yakan kwashe shekarunsa yana raunana duk wata hukuma da za ta iya tsayawa da ƙafarta idan babu shi. Yana tsoron sojojinsa, don haka sai ya rarraba su rukuni-rukuni, ya sa kowane rukuni ya sa ido a kan ɗan'uwansa. Yana tsoron alƙalai da jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, sai ya mayar da su 'yan amshin shata ko ya rushe su. Mu'ammar Gaddafi, wanda shi kansa juyin mulkin soja ne ya kawo shi a 1969, ya bar rundunar sojan Libiya a wulaƙance, ya zuba makamai masu inganci a rundunoni na musamman da 'ya'yansa da amintattunsa ke jagoranta. Da aka kashe shi a Sirte ranar 20 ga Oktoba 2011, ƙasar ba ta da jam'iyya ko ɗaya mai tushe, ba ta da rundunar da kowa ya yarda cewa ta kowa ce. Haka Somaliya ta kasance bayan Siad Barre ya bar Mogadishu a Janairu 1991, inda aka yi shekaru kusan 20 babu gwamnatin tsakiya mai cikakken iko.

Dalili na biyu shi ne waɗanda suka haɗu suka kayar da shi, ƙiyayyarsa ce kaɗai ta haɗa su. Mai son tsarin Musulunci, da ɗan gurguzu, da mai neman 'yancin yankinsa, da hafsan da aka danne wa ƙarin girma, duk suna iya tafiya tare har ranar da fadar shugaban ƙasa ta zama fayau. Washegari sai tambayar wanda zai zauna a cikinta ta taso, kuma ba su taɓa zama sun tattauna ta ba. Ƙungiyoyin mujahidan Afghanistan da suka kayar da gwamnatin Najibullah a Afrilu 1992 sun juya bindigoginsu kan juna, suka ragargaza Kabul, har Taliban ta ƙwace birnin a 1996.

Shin hanyar da gwamnatin ta faɗi tana da tasiri a kan abin da zai biyo baya?

Tana da tasiri ƙwarai, domin ita ke nuna wanda bindiga za ta kasance a hannunsa ranar da aka fara rabon mulki. Inda aka yi sulhu tsakanin masu sassaucin ra'ayi na cikin gwamnati da shugabannin adawa, kamar Sifaniya bayan mutuwar shugabanta ɗan kama-karya Franco a Nuwamba 1975, da Poland a teburin shawarar 1989, da Afirka ta Kudu kafin zaɓen Afrilu 1994, ma'aikatu da kotuna sun ci gaba da aiki yayin da ake sauya dokoki. Inda sojoji suka ga wuta ta kusa cin su suka sauke shugaban don ceton kansu, kamar Masar a Fabrairu 2011 da Sudan a Afrilu 2019, mutum ɗaya ne ya tafi, tsarin da ya riƙe shi yana nan daram, kuma a ƙasashen biyu sojojin sun dawo sun karɓe mulkin baki ɗaya, a Masar a Yuli 2013, a Sudan a Oktoba 2021. Inda 'yan tawaye suka yi nasara da ƙarfin makami, kamar Libiya da Siriya, aikin da ya rage shi ne shawo kan masu nasara su miƙa makaman da suka ba su nasarar. Mafi wuya kuwa shi ne inda sojojin wata ƙasa suka kayar da gwamnati, domin duk wanda suka ɗora, ko da mutumin kirki ne, zai fara aiki da tabon cewa baƙi ne suka kawo shi.

Me ke sa ƙasashen waje su yi rububin shiga lamarin?

A ƙarƙashin mulkin kama-karya, mutum ɗaya ne ya amince da sansanin sojan baƙi, shi ya ba da kwangilar mai, shi ya ci bashi, shi ya yi alƙawarin tsare iyaka. Ranar da ya tafi, dukan waɗannan sukan koma kan tebur. Ƙasar da ta ci moriyarsa tana neman ceto abin da ya rage mata, wadda ya rufe wa ƙofa kuma tana ganin dama ta samu.

Siriya ta nuna wannan a fili. Rasha, wadda ta shiga yaƙin da jiragenta a Satumba 2015 don ceton Assad, tana da sansanin jiragen ruwa a Tartus da na jiragen sama a Hmeimim, waɗanda ke ba ta ƙafa a Bahar Rum da zango a kan hanyar Afirka, shi ya sa duk da ita ce ta ba Assad mafaka, ta karɓi baƙuncin sabon shugaba Ahmad al-Sharaa a Mosko a Oktoba 2025. Iran ta yi asarar hanyar ƙasa da take kai wa Hizbullah makamai a Labanon. Turkiyya, mai doguwar iyaka da Siriya kuma mai masaukin miliyoyin 'yan gudun hijirarta, babban abin da ya dame ta shi ne mayaƙan Ƙurdawa na arewa maso gabas, waɗanda take ɗauka reshe ne na PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Ƙurdawan Turkiyya, alhali su ne Amurka ta yi aiki da su wajen yaƙi da ƙungiyar IS. Isra'ila kuwa ba ta ɓata lokaci ba: sojojinta sun shiga yankin tsakani na tuddan Golan da yarjejeniyar 1974 ta keɓe, jiragenta kuma suka kai ɗaruruwan hare-hare a kan rumbunan makamai da jiragen yaƙi na tsohuwar rundunar Siriya. Saudiyya da Katar sun zo da kuɗi da alƙawuran zuba jari, ƙasashen Turai kuma hankalinsu na kan komawar 'yan gudun hijira gida. Babu gwamnatin da za ta iya biyan waɗannan buƙatu gaba ɗaya, domin Turkiyya tana son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da za ta shimfiɗa ikonta ko'ina, Isra'ila kuma tana son kudancin ƙasar ya zauna babu manyan makaman gwamnati.

To ƙasashen waje ne ke haddasa rikicin, ko tarar da shi suke yi?

Galibi tarar da shi suke yi, sa'an nan su ƙara masa tsawon rai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaƙin cikin gida yakan ƙare ne idan wani ɓangare ya rasa kuɗin biyan mayaƙansa ko harsashinsa ya ƙare, ko kuma kowa ya gaji ya gane cewa ba zai iya murƙushe abokin gaba ba. Ubangida na waje yana kawar da wannan iyaka. Shugaban da zai karɓi rabin mulki a teburin sulhu, idan aka yi masa alƙawarin jirage marasa matuƙa da sojojin haya, sai ya ga babu dalilin karɓar rabi. Shi kuwa ubangidan abin da yake kashewa kaɗan ne, domin hana abokin hamayya samun nasara ya fi gina ƙasa arha nesa ba kusa ba, kuma jama'arsa ba su ne ke mutuwa ba.

A Libiya, bayan ƙasar ta rabu gida biyu a 2014, Halifa Haftar, kwamandan dakarun gabashin ƙasar, ya tunkari Turabulus a Afrilu 2019 da goyon bayan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar da sojojin hayar Wagner na Rasha. Gwamnatin Turabulus, da ta ga za ta faɗi, sai ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da ta iyakar teku da Turkiyya a Nuwamba 2019, Turkiyya ta turo jirage marasa matuƙa da masu ba da shawara da mayaƙa daga Siriya, aka kori dakarun Haftar daga kewayen birnin a Yuni 2020. A taron Balin na Janairu 2020 waɗannan ƙasashe sun yi alƙawarin mutunta takunkumin hana shigar da makamai, amma rahotannin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna jiragen dakon makamai ba su daina sauka ba. An tsagaita wuta a Oktoba 2020, an sa ranar zaɓe 24 ga Disamba 2021, zaɓen bai yiwu ba, ƙasar ta ci gaba da zama da hukumomi biyu, kowace da masu tsaya mata.

Duk da haka, ɗora wa baƙi laifin gaba ɗaya wanke shugabannin cikin gida ne, kuma bai kamata a wanke su ba. Duk jirgin da ya sauka da makamai, wani ɗan ƙasa ne ya buɗe masa fili, kuma ya buɗe ne domin ya gwammace ya ci bashin baƙo da ya zauna ya raba mulki da ɗan ƙasarsa.

Kuɗin tallafi fa? Ai ƙasar da ta fito daga danniya tana buƙatarsa.

Tana buƙatarsa matuƙa, sai dai abin dubawa shi ne hannun wa yake shiga, kuma a wane lokaci. Cikin 'yan kwanaki bayan sojoji sun tumɓuke Muhammad Mursi ranar 3 ga Yuli 2013, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait sun yi wa Masar alƙawarin dala biliyan 12, kamar yadda Katar ta riƙa tallafa wa gwamnatin Mursi kafin nan. A Afrilu 2019, kwanaki kaɗan bayan faɗuwar Umar al-Bashir, Saudiyya da Daular Larabawa sun yi wa Sudan alƙawarin dala biliyan 3, a lokacin da majalisar soja ce ke riƙe da ƙasar kuma masu zanga-zanga na zaune a gaban hedikwatar sojoji a Hartum suna neman mulkin farar hula. Kuɗin da ya zo a irin wannan lokaci saƙo ne ga janar-janar cewa za su iya jure matsin jama'a. Ranar 3 ga Yuni 2019 aka tarwatsa zaman da ƙarfin bindiga, aka kashe mutane da dama.

Yaya za a yi da sojoji da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma kuskure a cikinta ba ya gyaruwa cikin sauƙi. A Iraƙi, Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya gudanar da ƙasar, ya ba da umarni ranar 23 ga Mayu 2003 da ya rushe rundunar soja gaba ɗaya. Ɗaruruwan dubban mutane da suka iya bindiga, suka san inda rumbunan makamai suke, aka sallame su rana ɗaya babu aiki babu mutunci. Da yawa daga cikinsu sun shiga tawaye, kuma wasu tsofaffin hafsoshi sun bayyana daga baya a cikin shugabannin ƙungiyar IS da ta ƙwace Mosul a Yuni 2014. Giɓin da aka bari kuma mayaƙan sa-kai masu alaƙa da Iran ne suka cike shi, wato ƙasar da Amurka ta fi ƙi ita ce ta fi cin ribar mamayar.

Sudan ta gwada akasin haka, aka bar masu bindiga yadda suke, har aka ba su kujeru a majalisar riƙon ƙwarya ta Agusta 2019. Al-Bashir ya bar rundunoni biyu: sojojin ƙasa, da dakarun RSF da ya kafa a 2013 daga cikin mayaƙan Janjawid na Darfur, ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Kowace runduna tana da kamfanoninta da hanyoyin kuɗinta, RSF tana da ma'adinan zinariya da hulɗarta ta kai tsaye da ƙasashen waje. Shugaban sojojin ƙasa Abdel Fattah al-Burhan da Hemedti sun haɗa kai sun kifar da gwamnatin firaminista Abdalla Hamdok ranar 25 ga Oktoba 2021, amma da aka zo maganar shigar da RSF cikin rundunar ƙasa, sojoji suka ce a yi cikin shekara 2, RSF ta ce sai shekara 10, ga kuma gardamar wanda zai zama a sama da wani. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke, ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Masar tana tare da sojoji, ana kuma zargin Daular Larabawa da bai wa RSF makamai, zargin da take musantawa.

A Siriya, an sanar da rushe tsohuwar runduna da ƙungiyoyin tawaye a Janairu 2025, aka ce duk za su narke cikin sabuwar ma'aikatar tsaro, kuma ranar 10 ga Maris 2025 al-Sharaa ya sa hannu a yarjejeniya da kwamandan Ƙurdawa Mazlum Abdi kan shigar da dakarunsa cikin hukumomin ƙasa. Sauya wa mayaƙi kaki abu ne mai sauƙi. Abin da ke nuna an haɗe runduna shi ne daga ina albashi ke fitowa, wa ke iya sauya wa kwamanda wurin aiki, kuma ko kwamandan zai tafi idan an ce ya tafi.

Shin ya dace a kori duk jami'an tsohuwar gwamnati?

Fushin da ke sa jama'a neman haka fushi ne na gaskiya, amma a ƙasar da ba a samun aikin koyarwa ko ƙarin girma sai da katin jam'iyya mai mulki, riƙe katin ba ya nuna laifi. Umarnin Bremer na 16 ga Mayu 2003, wanda ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati, ya haɗa da dubban malaman makaranta da ƙwararrun ma'aikata, kuma daga baya ya zama makamin da 'yan siyasa ke kawar da abokan hamayya da shi, musamman 'yan Sunni. Dokar wariyar siyasa ta Libiya, wadda majalisa ta zartar a Mayu 2013 yayin da mayaƙa ke kewaye da ma'aikatu, faɗinta ya kai har shugaban majalisar kansa, Muhammad Magariaf, ya sauka, domin ya taɓa zama jakadan Gaddafi a Indiya, duk da cewa ya balle tun 1980 ya kwashe shekaru fiye da 30 yana adawa daga gudun hijira.

Afirka ta Kudu ta ba ma'aikatan gwamnatin wariyar launin fata tabbacin ayyukansu a lokacin riƙon ƙwarya, shugabanta na ƙarshe, de Klerk, ya zama mataimakin Mandela. Majalisar Tunisiya ma ta ƙi amincewa da hana mutanen hamɓararren shugaba Ben Ali tsayawa takara. Hanyar da ta fi adalci ita ce a tantance mutum da abin da ya aikata, a gurfanar da mai azabtarwa da mai ba da umarnin kisa, a bar injiniyan wutar lantarki ya ci gaba da aikinsa.

A gaggauta zaɓe ko a jinkirta shi?

Kowanne da hatsarinsa. Zaɓen gaggawa yakan fifita wanda ya riga ya shirya, kuma idan babu dokar da ta kare wanda ya faɗi, kowa zai ɗauki zaɓen a matsayin a mutu ko a yi rai. Yawancin 'yan Sunni na Iraƙi sun ƙaurace wa zaɓen Janairu 2005, kuma majalisar da ta fito daga zaɓen ita ce ta rubuta kundin tsarin mulki. Libiya ta yi zaɓe mai tsabta a Yuli 2012, amma waɗanda aka zaɓa ba su da iko da masu bindigar da ke ƙofar majalisa. Jinkiri kuwa yakan ba mai riƙon ƙwarya damar kafa kansa. Sanarwar tsarin mulkin Siriya ta 13 ga Maris 2025 ta sa wa'adin shekara 5, ta kuma ba shugaban ƙasa ikon naɗa kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, lamarin da ya sa 'yan Siriya da dama nuna damuwa. Abin da ya fi ranar zaɓe muhimmanci shi ne a riga an amince a kan abin da mai nasara ba shi da ikon taɓawa.

Hukunta masu laifi ko yi musu afuwa, wanne ya fi kawo zaman lafiya?

Sifaniya ta zaɓi afuwa da dokar 1977, dimokuraɗiyyarta ta tsaya, amma har yau iyalai na tono kaburburan bai-ɗaya suna neman ƙasusuwan kakanninsu. Ajantina ta gurfanar da shugabannin mulkin soja a 1985, matsin barikoki ya sa aka yi dokokin da suka tsayar da shari'o'in a 1986 da 1987, sa'an nan aka soke dokokin a 2003 aka ci gaba. Afirka ta Kudu ta bi hanyar hukumar gaskiya da sulhu ƙarƙashin Desmond Tutu, inda mai neman afuwa sai ya faɗi abin da ya aikata dalla-dalla. Yaman ta nuna haɗarin afuwar da ba ta raba mutum da ƙarfinsa ba: Ali Abdullah Saleh ya sauka a 2012 da kariya daga shari'a, ya riƙe jam'iyyarsa da biyayyar wasu rundunoni, ya haɗa kai da 'yan Husi suka ƙwace San'a a Satumba 2014, abin da ya jawo shigar Saudiyya yaƙin a Maris 2015. Iraƙi kuma ta nuna haɗarin hukuncin da ya yi kama da ramuwar gayya, domin rataye Saddam Hussein ranar 30 ga Disamba 2006, a lokacin Babbar Sallah, ana yi masa ba'a a gaban kyamara, ya ƙara zurfafa gabar da ke tsakanin al'ummar ƙasar.

Ko da shari'a za ta jira, adana shaida ba ya jira. Lokacin da aka buɗe gidan yarin Saydnaya na Siriya a Disamba 2024, iyalai sun yi ta bin takardun da suka warwatse a ƙasa suna neman sunayen 'ya'yansu, kuma duk takardar da ta ɓata a irin waɗannan kwanaki, wata uwa ce ba za ta taɓa sanin makomar ɗanta ba.

Me ya sa takunkumi da bashin tsohuwar gwamnati ke ci gaba da bin sabuwa?

Domin ƙasa aka ƙaƙaba wa su, kuma cire su yakan zama abin ciniki. Amurka ba ta cire Sudan daga jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci ba sai a Disamba 2020, bayan gwamnatin Hamdok ta biya diyyar dala miliyan 335 ta kuma amince da ƙulla hulɗa da Isra'ila. A lokacin nan gwamnatin farar hular tana janye tallafin man fetur tana karya darajar kuɗinta don cika sharuɗɗan masu ba da lamuni, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a 2021, sojoji kuma suna gefe suna jiran jama'a su gaji. Iraƙi, da yake Amurka ce ke tsaya mata, ƙasashe masu ba da lamuni na Ƙungiyar Paris sun yafe mata kashi 80 cikin ɗari na bashin da suke bin ta a Nuwamba 2004. Siriya ta samu sanarwar ɗage takunkumin Amurka a Riyad a Mayu 2025, Tarayyar Turai ma ta ɗage nata na tattalin arziki a watan.

Ina makomar tsiraru, musamman waɗanda ake dangantawa da tsohon shugaba?

Su ne suka fi shiga haɗari, kuma tsoronsu shi ne ƙofar da baƙi suka fi shigowa ta ciki. A Maris 2025, bayan magoya bayan Assad sun yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a yankin gaɓar teku, an kashe fiye da mutum 1,000, galibinsu fararen hula Alawiyyawa, wato al'ummar da Assad ya fito daga cikinta. A Yuli 2025 faɗa ya ɓarke a Suwaida tsakanin Duruzawa da ƙabilun Larabawa makiyaya, Isra'ila ta ce kare Duruzawa take yi, ta kai hari a kan ma'aikatar tsaro a tsakiyar Damaskas. Raba muƙamai bisa ɗariƙa da ƙabila, kamar yadda Iraƙi ta saba ba ɗan Shi'a firaminista, ɗan Sunni shugaban majalisa, Baƙurde shugaban ƙasa, yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma yana mayar da ma'aikatu ganimar jam'iyyu, kuma a kan wannan tsari ne matasan Iraƙi suka fito zanga-zanga a Oktoba 2019. Kariyar da ɗan tsiraru zai yarda da ita ita ce ya ga an kama wanda ya kashe ɗan'uwansa an hukunta shi, ko da mai kisan sojan sabuwar gwamnati ne.

Majalisar Ɗinkin Duniya ba za ta iya hana wannan gogayya ba?

Ba za ta iya ba muddin masu gogayyar su ne masu ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Rasha da Sin sun bar ƙuduri mai lamba 1973 ya wuce a Maris 2011, daga baya suka ce NATO ta yi amfani da izinin kare fararen hula wajen kifar da Gaddafi, kuma Rasha ta yi ta toshe ƙudurori kan Siriya bayan nan. Ƙungiyoyin yanki sun fi tasiri idan membobinsu suka yi magana da murya ɗaya, kamar yadda ECOWAS ta tilasta wa Yahya Jammeh barin Gambiya a Janairu 2017 bayan ya faɗi zaɓe.

Akwai inda hannun waje ya taimaka maimakon ya ɓata?

Akwai. Girka ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1981, Sifaniya da Fotugal a 1986, Poland a 2004, dukansu bayan fitowa daga danniya. Bambancin shi ne ladan na ƙasa ne gaba ɗaya, babu ɓangaren da zai karɓe shi shi kaɗai, sharuɗɗan kuma sun shafi zaɓe da kotuna da 'yancin jarida, don haka duk hafsan da ya yi tunanin juyin mulki ya san 'yan kasuwa da ma'aikata za su juya masa baya. Indunusiya kuma ta amfana da rashin masu takara a kanta: shugaba Suharto ya sauka a Mayu 1998, an yi zaɓe a Yuni 1999, aka riƙa rage kujerun da aka keɓe wa sojoji a majalisa har aka soke su a 2004.

Idan an yi zaɓe an kuma rubuta kundin tsarin mulki, an tsallake ke nan?

Tunisiya ta amsa wannan. Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya ranar 14 ga Janairu 2011, aka zaɓi majalisar tsara kundi a Oktoba, kuma da kisan 'yan adawa Chokri Belaid da Mohamed Brahmi a 2013 ya kusa jefa ƙasar cikin rikici, ƙungiyar ƙwadago da ta masu masana'antu da ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam suka shiga tsakani, jam'iyyar Ennahda mai ra'ayin Musulunci, wadda ke jagorantar gwamnati, ta yarda ta sauka, aka amince da kundi a Janairu 2014, masu shiga tsakanin suka samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Sojojin ƙasar sun tsaya a barikinsu, kuma babu wata ƙasar waje da ta turo wa ɓangarorin siyasa makamai. Amma rashin aikin yi bai ragu ba, yankunan cikin ƙasa da juyin ya taso daga cikinsu ba su ga canji ba, gwamnatoci suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, majalisa ta zama fagen cacar baki. Ranar 25 ga Yuli 2021 shugaba Kais Saied, wanda jama'a suka zaɓa da gagarumin rinjaye a 2019, ya dakatar da majalisa ya kori firaminista, mutane da yawa kuma suka fito suna murna. A 2022 ya kawo sabon kundi da ya tattara iko a hannun shugaban ƙasa, a Afrilu 2023 kuma aka kama shugaban Ennahda, Rached Ghannouchi, wanda shi ne kakakin majalisar da aka rushe.